Kabtin Labaran, Mai Ɗagawa Ba Saukewa

A gidanmu in gardama ta tashi kan wa ya girmi wa, ko wace shekara muka baro tsohon gidanmu na Misfala muka dawo unguwar Mansur a nan Makka, ni ake kira: "Ina Suhaila?" Ba don na fi kowa karatu ba, sakandare na gama na zauna. Kakata Iyatu ce ta zaɓe ni tun ina ƙarama, take zaunar da ni tana zuba mini labarin zuri'a tun daga fitowar iyayenta ta Chadi da Sudan, ta ce in riƙe, kuma kada in ƙara gishiri. To yau labarin ɗanta zan bayar, Kawu Labaran, ƙanen Ummata, wanda unguwa gaba ɗaya take kira Kabtin. Da don ta ni ce da na ƙyale shi, don ban ga abin rubutawa a rayuwarsa ba. Amma ya daɗe yana yawo da wani labari a bakinsa, labarin da ya kusa raba yayana Usama da Ikram, yarinyar da yake so ya aura. Shi ya sa na zauna.

Kawu shi ne autan Iyatu. Sana'ar da bai taɓa ba kaɗan ce, wadda ya riƙe kuwa babu. Ya sayar da carbi da dadduma a hanyar alhazai, sai ya bar abokin tarayyarsa a rana, shi ya koma inuwa yana ba shi shawara. Ya buɗe shagon lemo, sai ga Ummata ce take matsa tun da safe, shi yana bakin ƙofa yana gaisawa da masu wucewa. Bai taɓa barin wata harka ba sai ya bar wani yana riƙe da ita. Iyatu takan ce, "Labaran tun yana goye, in ya yi fitsari sai ya waiwaya yana neman wanda ya jiƙa shi."

Daga baya ya samu tuƙi a wani kamfanin gine-gine a Jidda, yana jigilar injiniyoyin da suka zo daga ƙasashen waje. Ranar hutu da yamma sukan yi wani wasa a filin ciyawa na rukunin gidajensu. Aikin Kawu ya kai su, ya sauke musu kular ruwa, ya koma mota ya kunna sanyi ya jira. Wannan ba ƙage na yi masa ba. Shi da bakinsa ya faɗa wa Umma a lokacin, yana ƙorafin sun ɓata masa hutu, kafin labarin ya yi ƙiba. Abin da ya sani na wasan nan, ta gilashin mota ya gan shi, rabi kallo rabi latsa waya. Da aikin ya ƙare, ɗaya daga cikin mutanen ya ba shi ƙwallo da usur da wata hula mai baki, maimakon ya cika jakarsa da su.

Da waɗannan ukun ya dawo Makka a matsayin koci.

Ranar da ya shigo da ƙwallon, Iyatu ta jujjuya ta a hannu ta ce, "Wannan gwandar fa? Ta nuna kuwa?"

"Inna, ƙwallon rugbi ce. Wasan manyan mutane ne, ni na horar da su a Jidda."

"Au, na san shi. Zari-ruga suke ce masa a rediyo."

"Rugbi, Inna."

"Zari-ruga dai. Wanda ya raɗa sunan nan kamar ya san ka."

Samarin Mansur ba abin da suka sani sai ƙwallon ƙafa, amma ya yi musu romon baka: za a kai su Jidda su buga a kan ciyawa, za a ɗinka musu riguna da sunayensu a baya. Ya samo wani fegi a bayan tashar motocin Kudai, ƙasa mai tauri da tsakuwa, inda ko akuya ba ta son kwanciya. Bayan la'asar suke taruwa. Usama yakan dawo ya maimaita mana abin da aka koya musu, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda bakinsa yake, mu yi ta dariya. Atisayen kaɗan ne. Yawancinsa wa'azi ne, don Kawu ya ce ba 'yan wasa kawai yake ginawa ba, shugabannin gobe yake ginawa.

Darasinsa na farko shi ne, a wasan nan baya ake jefa ƙwallo, ba gaba ba. "Haka shugaba yake," in ji shi, "in abu ya zo hannunsa sai ya miƙa wa na bayansa." Wannan kam ya haddace shi tun kafin ya san hanyar Jidda, Ummata shaida ce. Na biyu, shugaba ba ya shiga turereniya, saboda daga nesa ake ganin fili. Don haka ya kafa farar kujerar roba a inuwar katanga, da filas ɗin shayi a gefe, daga nan yake busa usur.

Amma wanda ya fi alfahari da shi shi ne ɗagawa. A wasan, in ƙwallo ta fita gefe sai 'yan wasa su jeru, a jefo ta sama, mutum biyu su kama ɗan'uwansu a cinya su ɗaga shi ya cafke. Wannan ne kawai abin da ya taɓa sa Kawu ya ɗago kai daga wayarsa a Jidda. Ya ga ɗagawa, ya ga cafkewa, sai idonsa ya bi ƙwallo. Abin da ya faru da wanda aka ɗaga bayan nan, bai tsaya ya gani ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

"Wanda aka ɗaga shi ne shugaba," haka yake ce musu. "Na ƙasa aikinsu ɗagawa. Da ya cafke, aikinku ya ƙare, ku sake shi ku ruga gaba."

Usama dogo ne siriri, don haka shi ake ɗagawa. Abokansa biyu, Taha da Mustafa, su ne masu ɗagawa. Ya kamata in faɗi sana'ar yayana a lokacin: tura arabiyya yake yi, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Kafaɗunsa su ne jarinsa. Kawu ya san haka sarai.

Da farko iya ƙugu suke ɗaga shi, in suka saki sai ya dira da ƙafa, a yi dariya. Ana gab da azumi, Kawu ya gayyato wasu dattawa su zo su ga aikinsa, ya kuma sa wani ya ɗauki hoto. Ranar iya ƙugu bai ishe shi ba. Ya tashi daga kujerar ma, abin da bai saba ba, yana ihu, "Sama! Sama dai!" Suka ɗaga Usama har hannayensu suka miƙe. Ya cafke. Taha da Mustafa suka ɗan tsaya, don jikinsu ya ba su cewa nan ba wurin saki ba ne. Sai usur ya tashi.

"Ku sake shi! Yalla, gaba!"

Suka sake shi. Hannayensa biyu na rungume da ƙwallo, ba abin da zai tare ƙasa da shi. A kan kafaɗar dama ya sauka.

Kawu ya zo ya leƙa, ya ce kada kowa ya taɓa shi, bari ya samo ƙanƙara. Ya shiga lungu da sauri. Har yau da nake rubutun nan Usama yana jiran ƙanƙarar. Taha da Mustafa ne suka tare tasi suka kai shi asibiti, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Azumin da masu arabiyya ba sa samun lokacin zama, shi a kwance ya yi shi. Da ya warke, hannun ya ƙi wuce kunnensa, kuma in ya tura abu mai nauyi sai ya kwana yana juyi. Arabiyya ta ƙare ke nan.

Bayan kwanaki Kawu ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Amma ai na sha gaya maka ka dira da ƙafa." Umma ta tashi ta shiga kicin. Ni kuwa na karɓi ledar, na ga rabin lemon ma ya fara laushi.

Ƙungiya ta watse, ba Jidda ba riguna. Wani da ya ji kunya ya ɓoye usur ɗin. Kawu kuwa sai ya gano cewa koci ba ya buƙatar 'yan wasa, baki kawai yake buƙata. Ya koma majalisa, ya kuma fara ɗora bidiyo a waya: darussan shugabanci daga filin rugbi. Yana sanye da hular nan, ƙwallo a cinya. Kuma kowane darasi sai ya kawo misalin "wani yaro nawa mai taurin kai". Yau ya ce yaron ya yi tsalle kafin a ba shi umarni. Gobe ya ce an ce a riƙe shi, shi ya fizge don a gan shi. Ba ya kama suna, amma Mansur ba ta da masu karyayyar kafaɗa biyu.

Majalisar da ya fi zama ita ce ta gaban teburin Malam Sadisu mai tsire, wanda Larabawa suke layi suna cewa a ba su sairiya, sunan tsire a bakinsu. Shi ne mahaifin Ikram. Mutum ne mai ƙarancin magana, yana yanka yana barbaɗa ƙuli yana saurare. Da ma ya nuna ya amince da Usama, har an fara maganar ranar da manya za su je. Sai ya aiko a ce a dakata. Ikram ƙawata ce, ita ta kawo mini abin da ya faɗa a gida: "Kafaɗa ba ta dame ni ba, kowa yana iya karyewa. Amma yaron da kawunsa da bakinsa yake cewa ba ya jin magana, yaya zan ba shi amanar 'yata?"

Na je wa Umma, ta ce, "Ƙanena ne, Suhaila. In na tona shi kaina na tona." Na je wa Usama, ya ce, "Khalas, a bar maganar, ya Suhaila. In tashi a gaban mutane in ce Kawu ƙarya yake? Sai Malam Sadisu ya ce ai kun gani." Ya yi gaskiya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ƙaryar irin wadda in ka musa ta ka tabbatar da ita ce. Taha da Mustafa sun yi gum, don kunya ta hana su, hannayensu ne suka saki. Dattawan da suka kalla suka ce su ba su san dokar wasan ba. Mai ɗaukar hoto ya ce ya goge.

Dokar kuwa mun riga mun gan ta. Tun Usama yana kwance, wata rana na nemo wasan na gaske a waya don in ɗebe masa kewa. Aka zo ɗagawa. Wasu ƙatti biyu suka ɗaga ɗan'uwansu, ya cafke, ya jefa wa na ƙasa. Su kuwa ba su motsa ba. Suna riƙe da shi, suka sauko da shi a hankali har ƙafarsa ta taɓa ciyawa, sannan suka ruga. Na mayar baya muka sake kallo. Na nemo wani wasan, haka. Ba wanda ya saki kowa. Usama ya ce in kashe, ya juya fuskarsa bango.

Ana nan sai ƙungiyar zumunta ta unguwarmu ta tashi neman wanda zai shugabanci matasa. Masu aikin yi duk suka ce ba su da lokaci. Kawu yana da lokaci, yana da hula, yana da bidiyo. Aka ba shi. Aka kama istiraha, irin gidan da ake haya don taro, aka shirya walima ranar Juma'a bayan la'asar, Malam Sadisu ne mai nama. Mu mata muna ɓangarenmu, amma akwai ƙofa mai labule da ke kallon tsakar gidan maza. Ni da Ikram muka maƙale a nan, Iyatu tana bayanmu a kujera tana cewa a ba ta rahoto.

Kawu ya yi jawabi mai tsawo har shayi ya huce. Ya kawo ƙwallo baya, ya kawo kallo daga nesa, ya kawo yaro mai taurin kai, Usama yana zaune a gefe kansa a sunkuye. Da a nan ya tsaya da ya ci riba. Amma ya ga wayoyi a sama, sai ransa ya biya da hoto. Ya ciro gwandar daga leda.

"Taha! Mustafa! Ku taso ku nuna wa iyayenku yadda ake ɗaga shugaba. Ni za ku ɗaga. Usama, zo ka jefo, ko yau ka ga yadda ake yi."

Kawun yanzu ba na da ba ne, zaman majalisa ya ajiye masa tumbi. Suka tattare masa jallabiya, suka kama cinyoyinsa, suka yi nishi suka ɗaga. Usama ya jefa da hannun hagu. Kawu ya cafke, aka yi tafi, ya ɗaga ƙwallon sama yana juya fuska dama da hagu don kowace waya ta samu rabonta.

"To madalla," ya ce. "Ku sauke ni."

Taha ya gyara riƙo. Ya ɗaga kai ya ce, "Kabtin, mu saki?"

"Ku saki me? Na ce ku sauke ni!"

"Wallahi ba mu iya ba, Kabtin," in ji Mustafa. "Saki ka koya mana."

Kawu ya leƙa ƙasa. Tayil ne, ba tabarma ba kafet. Ƙwallon ta suɓuce ta yi tsallenta na karkace ta shige ƙarƙashin tebur, hular ta bi ta. Ya damƙi gashin Taha da hannu biyu.

"Kai, ku mahaukata ne? Wa ya taɓa sakin mutum a sama? Riƙewa ake yi har ƙafarsa ta taɓa ƙasa! Ko jaki ya san wannan!"

Tafin ya mutu. Wani ya yi tari. Malam Sadisu yana tsaye a bakin gasa da wuƙa a hannu, ya ce, ba da ƙarfi ba, amma har mu mun ji:

"Ashe, Kabtin?"

Daga baya na sa Usama ya tambaye su ko shiryawa suka yi. Mustafa ya rantse bai shirya ba. Taha dai dariya kawai ya yi, don haka ban rubuta masa komai ba.

Hannayensu sun fara ba da kai, kowa yana gani. Usama ne ya matsa, ya sa kafaɗarsa ta hagu a ƙarƙashin Kawu, ya rungumi ƙugunsa, yana ce wa abokansa, "Shwayya shwayya, a hankali, ku durƙusa, kada ku cire hannu." Suka sauko da shi har takalminsa ya taɓa tayil. Usama ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙa masa ya ce, "Sannu, Kawu." 

"Me ake ciki?" in ji Iyatu tana jan mayafina. "Sun sake shi?"

"A'a, Kaka. Usama ya sauke shi."

"Kash," ta ce. Sai kuma ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Allah ya yi wa mijin nan nawa albarka."

Bakin Taha da ya buɗe bai rufu ba. A wurin ya zayyana komai, da usur, da "yalla gaba", da ƙanƙarar da ba ta iso ba. Kawu ya ce zai je ya duba ko ruwan sha ya isa, ya fita. Malam Sadisu ya naɗe tsire a takarda, ya yafito Usama ya miƙa masa.

"Ka ce wa baffanninka su zo," ya ce. "Da ma mai saukewa nake nema wa 'yata, ba mai saki ba. Kuma a turo masu zama har a shafa fatiha. Ban da masu tafiya neman ƙanƙara."

Ikram ta cusa fuskarta a labule, ban san kuka take ko dariya ba.

An sa rana bayan aikin Hajji. Usama yanzu a shagon dabino yake a Misfala, kwalin da ke saman kanta sai ya kira wani ya sauko masa da shi, kuma haka zai zauna. Kawu har gobe shi ne shugaban matasa, don ba wanda yake son kujerar. Bai yi sati ba ya ɗora sabon bidiyo, wai da gangan ya yi, don ya gwada ko yaransa za su yi tunani da kansu, kuma wai sun ci jarrabawa. Mutane suna ta sa masa alamar yabo a ƙasa.

Ƙwallon dai ba ta koma hannunsa ba. Wata mata ta tsinto ta lokacin shara ta kawo mana, Iyatu ta ce daidai take da ƙafarta mai kumburi, yanzu a kanta take ɗora dunduniya in za ta ji rediyo. Ita ce ta ce in ajiye labarin nan tare da sauran, kuma in bambanta mutane kashi uku yadda jikoki ba za su rikice ba: wanda ya ce a ɗaga, waɗanda suka saki, da wanda ya sauke.